Shekarar da Muka Kai Kanari Makaranta

Ku samarin nan da kuke cika min benci ran kasuwar Gwarzo kuna shan inuwar rumfata kyauta, kada ku ɗauka ba na jin abin da kuke faɗa in na juya baya. Wai Baba Sale ya more, sana'arsa ba ta wuce ya rataya keji a reshe ya miƙe ƙafa a gindin bishiya ba, tsuntsu ya kawo kansa. To, madalla! Kallon kitse kuke wa rogo. Ga keji nan, ga daji can, duk wanda ya ga da sauƙi ya ɗauka ya tafi. Amma kafin ku tafi ku gyara zama, in ba ku labarin yadda ake sana'ar kanari, da shekarar da ta kusa mutuwa a hannuna.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shi ne fere tsinke. Ubangidana, Baba Ɗanjuma na Dugabau, Allah ya jiƙansa, ya zube min sandunan gora a gaba, ya miƙo min wata 'yar wuƙa da ta sha wasi har ta rame, ya ce in tsaga in fere, kowane tsinke kaurinsa ya zo ɗaya da na ɗan'uwansa. Rani guda cur ina wannan, ko gashin tsuntsu ban taɓa ba. Sai da yatsuna suka yi kanta sannan ya nuna min yadda ake yanka tukurwa a haɗa ginshiƙan keji, a huda da basilla, a zura tsinke. Ba ƙusa, ba gam. In na gama sai ya ɗauka ya jujjuya, ya cusa ɗan ƙaramin yatsansa tsakanin tsinke da tsinke. In yatsan ya shige, ajiye kejin yake a ƙasa ya taka.

"Haba Baba, ai ya yi kyau," in ce.

"Ya yi kyau mana, in kaza za ka sa a ciki. Inda yatsana ya shiga, kan tsuntsu zai shiga ya maƙale. Sake wani."

Kejin kamu daban yake da wanda kuke gani rataye a shagon aski. Ɗaki uku gare shi. Na tsakiya na mai kira ne, wato tsohon kanari namiji da ya saba da mutum, wanda zai yi ta kuka har na daji su ji haushi su zo neman faɗa. Ɗakunan gefe kuwa kowanne da ƙofa a sama, an ɗana ta da robar tsohuwar tayar keke, an sa 'yar zangarniyar gero a ciki. Baƙo na sauka a kan sandar da ke ciki sai ƙofa ta rufe. Robar nan in ta yi tauri ta karya masa fiffike, in ta yi sanyi ya fice yana yi maka dariya. Kuma ba a kowane reshe ake ratayewa ba. Sai ka san bishiyar da suke sauka in sun sha ruwa, ka san inda iska ke kai murya, ka kuma zauna ko tari ba ka yi, cinnaka na cin ka kana haƙuri.

Baba Ɗanjuma yana da dokokinsa, kuma ba ya maimaita su. Danƙon da ake shafa wa reshe don tsuntsu ya maƙale ba ya shiga gidansa, don yana ɓata gashin tsuntsu. In mace ta faɗa tarko, a nan inda aka kama ta za a sake ta, don ba ta kuka irin na namiji, kuma ita ce jarin baɗi. Babbar dokar kuwa, daga ranar da shamuwa ta sauka a kan kukar gari har a yanke gero, ba kamu. Damina lokacin sheƙa ne. Wanda ya kama uba a lokacin, ya kashe 'ya'ya ba tare da ya gan su ba. Har yau in ruwa ya sauka ɗaure ƙofofin tarkona nake da zare in rataye kejin a zaure.

Wurin kamunmu kuwa tsibiri ne. Ee, tsibiri, a nan kusa da mu, ƙasar Kabo, kada ku zaro min ido. Lokacin da aka tare ruwa aka yi dam, akwai wani tudu mai tsamiyoyi da ƙirya da ruwan bai iya haɗiyewa ba, sai ya zagaye shi. Ba akuya, ba mai sassabe, ba yaro da danƙon harbi. Tsuntsaye suka mai da shi garinsu. Ranar da Mamman masunci ya fara tsallakar da ni a kwalekwalensa, baki na saki kamar ɗan ƙauye a Kano. Ga gauraka da rawaninta na zinariya tana takun ƙasaita a bakin ruwa. Ga zalɓe tsaye shiru kamar mai jiran mota. Kirinjijiya su tashi garke guda suna fito, dinya ta biyo bayansu da nauyin jikinta. Tsirya kore shar suna ta tsiwa a saman tsamiya, ragon maza yana buu-buu a cikin ciyawa, da yamma kuma belbela su rufe bishiya ta koma fari fat. Duk waɗannan kallo ne kawai, ba ma taɓa su. Namu shi ne ɗan ƙaramin nan mai ruwan ɗorawa a ƙirji.

Kun san dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. To a wurin kanari wannan ba karin magana ba ne kawai, haka abin yake. Ba a haifarsa da waƙa, koya yake a bakin manya tun yana sheƙa. Kanarin Kara da nasa kukan, na bayan Masanawa da nasa. Na tsibiri kuwa ba irinsa. Zai fara da 'yan fito gajeru, kamar yana gyaran murya, sannan ya kama wata doguwar murya siririya ya yi ta ja, ta gangara ƙasa, ta sake hawa, bai numfasa ba, har kai mai sauraro ka ji numfashinka ya ƙare. Mu a sana'a jan zare muke ce masa. Saboda jan zaren nan ake tasowa daga Kano da Malumfashi a zo rumfata. In ba shi, ni da mai sayar da kwando ɗaya muke.

Mai kirana a wancan zamani sunansa Sanƙira. Ni na kamo shi a tsibiri da hannuna, ni na zauna da shi a ɗaki mai duhu-duhu da ƙyalle a kan keji har ya yarda ya ci gero a gabana. Sabon kamu haka ake masa, sai ya ci sannan a sa ran kuka. Riɗi kaɗan, ɗanyen ganye, ruwan wanka a murfin gwangwani, in ya yi sanyi a ɗan ba shi gwaiduwar ƙwai. Sanƙira in ya buɗe baki a reshe, wallahi sai kanarin tsibiri sun yi layi.

Masu saye kuwa kala-kala ne. Akwai wanda zai kai tsuntsu gida ya rataye shi kusa da janareta, bayan kwana biyu ya dawo yana kumfar baki wai na sayar masa da bebe. Akwai mai ɗura masa tuwo don ƙauna. Amma mutum biyu nake so ku riƙe. Ta farko Malama Rahila, wata malamar firamare Kirista daga kudancin Kaduna, tana zaune a bayan makaranta can ƙarshen gari inda ba hayaniya. Ta sa wa nata suna Monita, wai don shi ke fara tashi a gidan. Na biyu Tela Idi, abokina tun muna yawo ba wando, shagonsa na nan bakin tasha. Idi gwani ne a yanka, amma gaggawa gare shi. Yana kai ƙarshen ɗinki sai ya sa almakashi ƙyas, bai tsaya ya ƙulle zare ba. Duk Gwarzo an san wandon Idi ba a hawa babur da shi da ƙarfi. Ya sayi kanarinsa yana ɗan matashin tsuntsu, ya rataye shi daidai saman keken ɗinki. Na ce masa, "Idi, ɗauke shi daga nan, kunnensa bai gama nuna ba." Ya ce ai tela da jan zare ba a raba su. Kafin shekara tsuntsun ya lalace. Zai ja zarensa tsaf, mai kyau, yana kai ƙarshe sai ya ɗora car-car-car-car na keke, ya rufe da ƙyas na almakashi. Ni in na ji sai raina ya ɓaci. Shi kuwa Idi har mutane yake kira su zo su ji.

Sai shekarar jan baki ta zo. Ku da kuke noma kun san shi, ɗan mitsitsin tsuntsun nan mai zuwa kamar hadari. Gero ya fara nuna suka sauko, gonar da suka yini a cikinta sai kara. Tawa ma ba su bari ba. Mata da yara suna ta kaɗa gwangwani tun safe har murya ta dushe, a banza. Da aka bi sawu sai aka tarar a cikin kacalla, doguwar ciyawar ruwan nan da ta zagaye tsibiri, suke kwana. Aka turo jirgin feshi. Ba na ganin laifin kowa, abinci ake ceto, ni ma da na ji ƙarar jirgin hamdala na yi. Amma magani bai san jan baki ba, bai san kanari ba.

Bayan 'yan kwanaki Mamman ya tsallakar da ni. Tun daga nesa na san ba lafiya, don ba abin da nake ji sai filafilinsa a ruwa. Manyan tsuntsaye sun gudu, ƙanana kuwa ga su nan zube a gindin tsamiya. Na rataye Sanƙira, ya yi kira, ya yi kira, ya ja zare har ya gaji. Ba wanda ya amsa. Ranar na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Da rani ya yi nisa gauraka ta dawo, su zalɓe suka dawo, har kanari ma suka fara zuwa daga wasu wurare, tunda ga ruwa ga tsabar ciyawa ba mai ci. Na yi murna, na kama guda na kawo gida. Da ya saki baki sai cwi-cwi-cwi, ya tsaya. Shi ke nan waƙar! Masu saye su zo, su karkata kai su saurara, su ce, "Malam Sale, ina zaren?" su juya. Ranin nan akurkin kaji da kejin tattabara na yi ta saƙawa muka ci abinci. Abin da ya fi damuna shi ne, in baƙin nan suka yi sheƙa da damina, 'ya'yansu cwi-cwi za su tashi da shi. Jan zare ya rage a maƙogwaron 'yan tsuntsayen da ke cikin keji kawai, in sun mutu ya tafi ke nan har abada.

Ina zaune ina fere tsinke wata rana sai na tuna abin da Baba Ɗanjuma yake yi. In ya kamo matashin tsuntsu da kukansa bai gama tsayawa ba, sai ya rataye shi kusa da tsohon gwani, ya ce ya kai shi karatu. Ɗan kanari kwaɗayin kunne gare shi, muryar da ta fi daɗi da ƙarfi ita yake kwaikwaya, ko ba ta ubansa ba ce. Na ce to, in ana kai ɗalibi wurin malami, me zai hana a kai malami wurin ɗalibai? In ruwa ya sauka aka ƙyanƙyashe, zan riƙa kai Sanƙira tsibiri da ƙofofin tarko a ɗaure, ya yi ta kuka a kusa da sheƙa.

Shamuwa ta sauka, aka yi shuka, na shirya tsaf. Sai Sanƙira ya fara zubar da gashi. Kanari in yana zubar da gashi ba ya kuka, ga kuma tsufa. Ya kumbura a kan sanda kamar dunƙulen auduga, ba irin lallashin da ban yi ba, ya ƙi. Innalillahi! Na ɗauki kekena na shiga bin mutanen da na taɓa sayar wa 'yan tsibiri. Na mai shayi, mage ta cinye. Na wani Alhaji, ya yi kyauta da shi Kano. Na mai aski yana nan da ransa, amma ƙarar waya yake yi. Daga ƙarshe na yi sallama a ƙofar Malama Rahila.

"A'a, Baba Sale ne? Sannu da zuwa. Ina wuni? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya ruwa?"

"Lafiya lau, Malama, ruwa ya yi gyara. Yaya yara, yaya makaranta?"

Muna cikin gaisuwa sai Monita ya saki murya daga gindin lemo. Na ɗaga mata hannu, muka yi shiru. Ya ja, ya gangara, ya hau, ya sauke tsaf, ba ƙari ba ragi. Na ce mata aro na zo, na kwashe labari na faɗa mata. Ta yi dariya har da tafa hannu.

"Wato koyarwa za ka ɗauke shi? To ai gidan malamai ya taso. Ɗauke shi, Baba. Amma ka dawo min da shi kullum kafin magariba, kuma kada ruwa ya dake shi."

Washegari da sassafe na rataye Monita a ƙiryar da na ga sheƙa a cikinta. Na koma gefe na zauna. Shiru. Ya ci geronsa, ya yi wanka, ya gyara gashi, ya leƙa nan ya leƙa can. Haka gobe, haka jibi. Tsuntsun da ya saba da tsakar gida ya ga fili ya tsorata. Ni kuwa ina jin 'yan tsaki suna tsiyau-tsiyau a sheƙa, iyayensu maza suna ta zuba musu cwi-cwi a kunne. Mamman in ya zo ɗaukata sai ya ce, "Malam, yau ɗalibai sun haddace?" A kasuwa kuwa har an sa min suna, wai Hedimastan Tsibiri.

Na san maganin abin, ƙin sa kawai nake. Kanari ba ya zage murya sai ya ji wani namiji mai irin kukansa yana neman fin sa. Baƙin nan bai ɗauke su abokan gasa ba. Kuma a duk ƙasar nan saura tsuntsu ɗaya tak mai jan zare, ga shi can a saman keken Idi. Da babu gara ba daɗi. Na je na tsaya a ƙofar shago ina muzurai.

"Ka ce dai ka zo biko," in ji Idi, ko ɗagowa bai yi daga keke ba. "Ba kai ne ka ce tsuntsuna ya lalace ba?"

"Har yanzu ma a lalace yake. Tsokana kawai nake so ya yi, ba koyarwa ba."

"To ba ya zuwa ko'ina sai da ni."

"Kai da ko kwatami ba ka iya tsallakewa?"

"Sai da ni, na ce."

Muka yi shawara. Za a rataye nasa can bakin ruwa, nesa da sheƙa, inda Monita zai jiyo shi. In ya ja zare ya kusa ƙarshe, kafin ya kai ga keken, sai a jefa wa kejin murfi, don kanari in ya ga duhu shiru yake yi. Idi ya ce a bar masa wannan, shi zai ɗinka murfin da kansa, shi zai riƙa rufewa. A ranar ya harhaɗa guntayen atamfa ya ɗinka wani abu kamar hular ƙato.

Ku zo ku ga Tela Idi a kwalekwale! Ya zo da jarkoki biyu ba komai a ciki, ya ɗaura su a ƙugu da igiya. Ya zauna a tsakiya ya rungume keji, ido a rufe, ba addu'ar da bai karanto ba, har da ta shiga kasuwa. Da kirinjijiya suka tashi fuu a gefenmu sai ya yi salati ya kama ƙafar Mamman, saura ƙiris mu kife. Amma muna sauka, aka rataye tsuntsunsa, abin da nake nema ya samu. Tsuntsun da ya saba da hayaniyar tasha ina ruwansa da tsoro? Ya gyara tsayuwa ya ja zare. Can cikin ƙirya Monita ya miƙe wuya, ya saurara, ya ga abin raini ne, ya mayar masa da wanda ya fi shi tsawo. Kafin hantsi tsibirin nan ya ɗauka, wannan ya ja, wancan ya ja. Har baƙin suka yi tsit. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba a sana'ar nan.

Saura aikin murfi. Idi yana tsaye a gindin reshe da hular atamfa a hannu, ya ƙura wa tsuntsu ido. Wani lokaci ya rufe da wuri ya katse zaren, in yi masa tsawa. Wani lokaci daɗin waƙar ya ɗauke shi ya manta, sai an yi car-car sannan ya zabura. A hankali dai ya gane, yana ganin maƙogwaro ya fara karkarwa sai ya kifa. Ranar da ɗinki ya riƙe shi ni nake yi. Muka yi ta haka, in hadari ya haɗo mu lulluɓe kejin da buhu mu fake a gindin tsamiya, 'yan tsaki suka yi gashi, suka fara fitowa reshe suna karkata kai.

Ran nan, daidai lokacin da 'yan tsakin suka taru a reshen da ke kusa da bakin ruwa, tsuntsun Idi ya ja wani zare mai tsawon gaske. Idi ya ɗaga hula ya kifa da ƙarfi. Sai na ji fyaat. Ɗinkin ya warware tun daga sama har ƙasa, atamfa ta rabu gida-gida ta zube a ƙasa. Bai ƙulle zaren ba! Tsuntsu ya ga haske tar, ga masu sauraro, ya buɗe baki: car-car-car-car, ƙyas. Ya sake. Ya kuma sakewa. Na ciro hulata na ruga, kafin in isa ya yi abin da zai yi.

"Idi! Ko murfin keji ma sai ka yi mana halinka?"

"To ai yara ne, Sale, mantawa za su yi."

Da aka yanke gero na mayar wa Malama Rahila Monita ɗinta gaba ɗaya, na haɗa mata da sabon keji mai bene. Na kuma hana kaina zuwa tsibiri har sai da rani ya tsaya, don matashin kanari sai a lokacin kukansa ke nuna. Ranar da na je ban ɗauki tarko ba. Idi ya biyo ni da jarkokinsa. Muka zauna a gindin tsamiya muka kasa kunne. Cwi-cwi daga nan, cwi-cwi daga can. Na sunkuyar da kai. Sai daga saman ƙirya wani ya yi 'yan fito gajeru, ya kama siririyar muryar nan, ya ja, ya gangara, ya hau. Tsuntsun daji, ba keji, ba kowa! Na ce Alhamdulillahi, na kama hannun Idi ina girgizawa. Ban rufe baki ba ya ƙarasa: car-car-car-car, ƙyas.

Idi ya faɗi ƙasa yana birgima, jarkoki suna ƙara. Ni kuwa na rasa ko in yi kuka ko in rufe shi da duka, ƙarshe dai dariyar ta ci ƙarfina. Wani ya amsa daga can gefe, shi ma da kekensa. Ashe duk wahalar Monita, wutsiyar nan ce ta fi burge yaran. Sati guda ba a sha ruwa a tasha ba, Idi yana gaya wa duk wanda ya kawo ɗinki cewa ya buɗe reshen shagonsa a tsibiri. Masu saye kuwa da na ɗauka za su guje ni, sai ga su suna tambaya, "Malam Sale, akwai mai keken nan?" Har yau a kansa nake ci. Waɗannan da ke rataye a saman kanku duk jikokin ɗaliban nan ne, in kun yi shiru za ku ji.

Bara waccan Idi ya rasu, Allah ya jiƙansa. Tsuntsunsa ya riga shi da daɗewa. Aka sayar da keken, shagon ya koma wurin cajin waya. Bayan matarsa Hajiya Mairo ta fita takaba, sai na je tsibiri na zaɓo wani matashi mai cikakkiyar murya, na zauna da shi har ya saba, na yi masa keji da hannuna. Na kai gidan, na yi sallama, babban ɗansu ya shigar da ni tsakar gida. Muka gaisa, na sake yi mata ta'aziyya, na rataye kejin a reshen darbejiya. Tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa.

Tsuntsu ya leƙa, ya gyara gashi, ya yi 'yan fitonsa, ya ja zare. Ba ta ɗago ba. Da ya kai car-car-car-car sai na ga hannunta ya tsaya cak a cikin faranti. Ya rufe da ƙyas.

Ta daɗe tana kallon kejin. Sannan ta sa gefen mayafi ta share ido, ta yi dariya.

"Ka ji shi ko, Malam Sale? Har yanzu bai koyi ƙulle zare ba."